Iya Mai Duba Bayan Zane

Washegarin rasuwar Iya, dariya ta fi kuka yawa a gidanmu na Surko, kuma ban ji kunyar faɗin haka ba. An yi kukan a ranar farko har muryar mahaifiyata ta dishe. Amma da hantsi ya yi, tsakar gida ta cika da masu gaisuwa, sai ga wata cikinmu jikoki ta fito daga ɗakin marigayiyar ɗaure da tsohon ɗankwalinta. Ta ranƙwafa tana dogara sanda, tana bin mata ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta isa gabanta sai ta kama bakin gyalenta ta juya, ta ƙura wa bayansa ido, ta taɓe baki, ta saki, ta wuce. Mata suka dinga dariya suna share hawaye da gyalen da aka gama tozartawa.

Daga nan bakuna suka buɗe. Matar liman ta ce duk garin nan babu wanda take jin nauyin sa sabon kaya a gabansa kamar Iya. Wata ta ce ita ranar sunan ɗanta na fari Iya ta juya mata gyale, a gaban dangin miji. Wani tela ya taso takanas daga Birnin Kudu, ya aiko daga zaure cewa a gaya wa mata, albarkacin tsohuwar nan ce har yau ba ya mayar wa mutum ɗinki sai ya bi bayansa ya tsince zare. Fulanin rugar da ke bayan gari ma sun zo da ƙwaryar nono, suka zauna gefe guda, babbarsu tana cewa sun yi rashin uwa. A lokacin ban san abin da ya haɗa su da ita ba.

Ni jikarta ce ta wajen 'ya, a hannunta na yi wayo kafin a kai ni makaranta Birnin Kudu. Na zauna rubuta wannan ne domin na ga yadda ake mantuwa. Mutum zai shekara tamanin da ɗoriya yana cika gida da magana, a yi sadakar arba'in, shi ke nan, sai dai a ce Allah ya jiƙan wance. To, Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta. Amma ni sai na faɗi yadda take.

Iya makaɗiyar zaren tsamiya ce. Yaran yanzu in ka ce tsamiya sai su tuna kunu. Wata tsutsa ce take saƙa gidanta a jikin itatuwa a daji, makiyaya su ɓamɓaro su kawo gari. Iya za ta dafa shi da ruwan toka har ya saki, ta wanke, ta shanya a inuwa, ta yi ta tsefe shi da yatsu, sannan ta zauna da mazari da ɗan alli tana kaɗi. Zaren da ke fita launin zuma ne, ba ya ƙyalli irin na kanti, sheƙinsa a kwance yake. Wahalarsa ƙaiƙayi. Ranar dafa tsamiya kowa a gidan susa yake yi har kaji, ita kuwa ko a jikinta, wai fatarta ta riga ta ƙoshi. Na gwada kaɗin sau da yawa, nawa zaren yana fita wani wuri kamar igiyar guga wani wuri kamar gashin jariri. Ta duba ta ce in je in yi boko, Allah bai haɗa wa mutum komai ba.

Da wannan zare take yin aikin allura a huluna da matasan kai da bakin zane. Kuma duk aikin da aka miƙa mata, nata ko na wani, ba ta kallon fuskarsa sai ta fara juya shi. Takan ce, "Fuskar zane ta 'yan biki ce, bayansa na mai shi ne." A bayan ne take ganin wadda ta yi gaggawa, da wadda ta yi rowar zare, da wadda ta ɗinka tana fushi da miji. Wani lokaci zuƙi ta malle ce kawai take yi don ta ba mu dariya, amma sau da yawa sai ka bincika ka tarar gaskiya ta faɗa.

Abin da ya fi komai daraja a ɗakinta shi ne lulluɓin. Babban mayafi ne na saƙi, baƙi wuluk saboda yawan shiga marina, an cika shi da aikin tsamiya da jan alharini tun daga wannan baki har wancan. Akwai dagi a tsakiya, ga gidan zuma a kewaye, ga wasu ƙananan zane-zane da ita take kira sawun kaza. Ya girmi mahaifiyata. Yana zaune a cikin adudu tare da kajiji da kanumfari saboda asu, ba a wanke shi, ba a nuna masa rana, sai dai a fito da shi ya sha iska a inuwar rumbu. Duk amaryar da za a kai ɗakinta a unguwarmu, da shi ake lulluɓe ta. Ni da shi aka kai ni, mahaifiyata ma haka. Ba a biyan ko sisi. Ƙa'idarsa guda ce, a dawo da shi a naɗe da goro a ciki. In wani ya tsokane ta da cewa kayan aro ba ya rufe katara, sai ta ce na wajenta yana rufewa har diddige.

Goron nan kuwa bai taɓa kwana a ɗakinta ba. Da an dawo da lulluɓin za ta warware, ta karkasa goron a kan faifai, ta ƙulla kowane kashi a ganye, ta bi mu da aike. Wannan gidan liman, wannan gidan mai shayi, wannan ruga, wannan a ba direban da ke zuwa Gwaram ya sauke a Sara. Mun ɗauka kyautar tsofaffi ce kawai, irin ta mai hannu sake. Har mita muke yi, don rugar da nisa.

Akwai wani mai sayen kayan da, da ke zuwa daga Kano yana bin ƙauyuka. Ya ji labarin lulluɓin ya zo har zaure, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yabi aikin har ya gaji. Iya ta saurare shi tsaf, ta miƙa hannu ta juya hannun rigarsa, ta sanar da shi cewa aikin inji ne, ko an cuce shi ne bai sani ba. Da ya dage kan ta sallama, sai ta ce ita ba ta ƙi ba, amma sai an tambayi sauran. Ya ce suna ina? Ta nuna masa hanyar maƙabarta da sandarta, ta ce ya je, in sun yarda ita ma ta yarda. Muka yi ta dariya a bayan ƙofa, muka sa maganar a cikin barkwancinta. Mutumin bai yi fushi ba, duk shekara sai ya leƙo ya gaishe ta, ita kuma ta juya masa riga.

Ba zan ce Iya ba ta da laifi ba. Tana da baki, kuma in ta yi gaba sai ka rantse ba ta taɓa sanin mutum ba. Wadda ta fi shan wannan ita ce aminiyarta, wadda muke kira Inna ta Sara. Tare aka kawo su Surko suna amare, katanga ɗaya ta raba gidajensu, sai bayan mijin Inna ya rasu ta koma wajen ɗanta a Sara ta ƙasar Gwaram. Wata shekara aka ari lulluɓin zuwa can don bikin jikar Inna, tartsatsin turaren wuta ya faɗa masa ya huda wani gefe kamar faɗin kwabo. Inna ta nemi tsamiya ba ta samu ba, domin tuni makiyaya sun daina kawowa. Sai ta sayi zaren kanti kore shar mai ƙyalli, ta cike ramin da kyau, ta aiko da shi da goronsa.

Iya ta juya, ta gani. Ta aika wa Inna cewa ta shafa wa tsohuwa jan baki. Inna ta aiko da amsa cewa to da ta bar ramin ya yi ta faɗi, ko kuwa ita ce za ta haifi tsutsar? Daga nan zance ya tsaya. Damina guda cur ba gaisuwa ba ziyara, duk wanda ya ambaci Sara a gidanmu sai Iya ta tashi ta shiga ɗaki. Sai da kaka ta yi, ran nan ta ɗaura gyale ta hau motar kasuwar Gwaram ba ta gaya wa kowa inda za ta ba, ta dawo da yamma da ƙullin daddawar Sara tana yabon ta. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Maganar koren zare ba wadda ta ƙara tayar da ita a cikinsu, kuma ba a daɗe ba idon Inna ya fara rufewa.

Ciwon ajalin Iya bai yi tsawo ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Kawu, babban ɗanta, ya sayo mata sabon bargo, ta lalubi bakinsa ta juya, ta ce masu kamfanin sun yi ƙoƙari. Ta kuma ce da ni kada in damu, 'yata da aka sa bikinta bayan Sallah da lulluɓin za a kai ta, ko tana nan ko ba ta nan.

Wannan alkawari ne ya tsaya mini a rai a zaman makoki, domin tun kafin sadakar uku Kawu ya ce za a tattara kayan marigayiya a raba gado. Kawu ba mai kwaɗayi ba ne, tsoron haƙƙi ne da shi har ya yi masa yawa. Ba ya son mahaifiyarsa ta kwanta da nauyin ko allura. Ya ce lulluɓin a ɗakinta yake, da sunanta kowa ke kiransa, saboda haka cikin gado yake. Zane kuwa ba ya rabuwa tsakanin magada sai dai a sayar, kuma kowa ya san mai saye. Ga shi can ma a zaure ya zo ta'aziyya, bawan Allah, ko maganar bai yi ba, amma ni ganinsa kawai ya ɗaga mini hankali. Mahaifiyata ta ce ta taɓa jin cewa da hannun wasu mata a aikin, amma ko biyansu aka yi, ko na tarayya ne, ba ta sani ba. Kawu ya ce in da shaida a kawo, shi zai fi kowa murna. Na ji haushinsa sosai ran nan, ko gaisuwar kirki ban yi masa ba, alhali na san gaskiya yake bi.

Ranar sadakar uku da hantsi aka sauke Inna ta Sara daga kan babur, jikanta ya ɗaura ta a bayansa da zane don kada ta faɗi. Ta shigo tana faɗa da shi kan ramukan hanya. Aka zaunar da ita, ta yi addu'a, ta yi kukanta a hankali, sannan ta tambaya wa ya riƙe adudun. Da aka gaya mata halin da ake ciki, sai ta yi wata irin dariya ta ce a kira mata yaron nan. Yaron nan shi ne Kawu, da furfurarsa. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, liman yana tsaye a bayansa daga soro. Ta ce a shimfiɗa mata lulluɓin a cinya, a kife.

Ba ta gani, da yatsu ta bi shi. Ta fara daga dagin tsakiya, ta ce wannan surukar Iya ce, ita ta kawo saƙin, ita ta fara, ku ji yadda take jan zare kamar za a ƙwace mata. Ta matsa gefe ta ce nan matar liman na da ce, bahaguwa ce, ɗinkinta duk ya karkata hagu. Nan kuma kakar mai shayi, uwar gaggawa, ƙullinta kamar ƙwallon magarya. Ta daɗe a kan wani ɗan sawun kaza a can kusurwa, ta ce wannan Bafulatanar da ke kawo musu gidan tsutsa ce, ta ce ba za ta yi ta kawowa ba ta sa hannu ba, suka koya mata a yini biyu, shi ya sa kazar take ɗingishi. Tsakar gida ta ɗauki dariya, matan rugar suka rufe baki da mayafi. Inda yatsunta suka bi ba su ji ƙulli ko ɗaya ba, ta ce nan marigayiya ce, ita binne bakin zarenta take yi, don kada wani ya yi mata abin da take yi wa mutane.

Ta ce su shida ne. A lokacin amaren talakawa da zanen aro na gidan masu hali ake kai su, wani lokaci a hana, yarinya ta tafi tana jin kunya. Shi ne suka haɗu suka yi nasu, rani bayan rani, a inuwar rumbun gidan nan, suka yi alkawarin ba na kowa ba ne, na duk 'yar da za a kai ɗaki ne. An ajiye shi a wajen Iya ne kawai saboda ɗakinta ba ya yoyo.

Kawu ya ce cikin ladabi, "Inna, na ji, kuma na yarda da ke. Amma ke kaɗai kika rage. Akwai wani abin da zai ƙarfafa maganar?"

Inna ta ɗaga kai wajen matan da ke zaune. "Ku kuma da kuka yi shiru, goron da take aiko muku bayan kowane biki, kun ɗauka na kyan fuskarku ne? Rabon iyayenku ne. Ni ko a daminar da muka yi gaba, nawa bai fasa zuwa ba."

Sai matar liman ta ce wallahi tun tana amarya take karɓar ƙullin nan, surukarta ta rasu aka ci gaba da kawowa, ba ta taɓa tambaya ba. Uwar mai shayi ta ce su ma haka. Babbar matan ruga ta ce su sun sani, kakarsu ta gaya musu, sun ɗauka kowa ma ya sani. Ni kuwa da na sha rana a hanyar rugar nan ina ƙunƙuni, sai na ji wani daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Liman ya yi gyaran murya daga soro ya ce abin ya fito fili, kayan tarayya ne da aka tsayar don amfanin jama'a, in magadan gidajen sun amince ya zauna yadda masu shi suka bar shi, ladan yana bin su har kabari. Ba wanda ya ce a'a. Kawu ya fi kowa saurin amsawa, yana dariya hawaye na bin gemunsa, wai an sauke masa dutse. Mai sayen kayan da ma ya aiko cewa ashe da gaske ne sai an tambayi sauran, to ya ji amsarsu.

Ana shirin naɗewa Inna ta riƙe gefe guda ta ce a dakata. Yatsunta suka yi ta lalube har suka isa wurin ƙunar. Ta ce ta san an daɗe da tsefe koren zarenta, so take kawai ta ji da me aka maye shi. Sai yatsunta suka tsaya cak. Koren yana nan yadda ta sa shi. Abin da ya ƙaru shi ne wani siririn zobe na tsamiya da aka kewaye shi da shi, ɗinki ƙanana a jere, babu ƙulli ko ɗaya, an kama bakin facin an ɗaure shi da tsohon saƙin don kada ya zame. Mu masu ido mun sha ganinsa, mun ɗauka ado ne. Inna ta bi zoben da yatsa har ya zagayo.

"Ja'ira," in ji ta. "Da sauran tsamiyarta ta yi. Kuma ta bar ni ina jin kunya shekara da shekaru." Ta yi dariya, ta kifa fuskarta a kan zanen, muka ƙyale ta har ta gama.

Bayan Sallah aka kai 'yata ɗakinta a cikin lulluɓin, yana ƙamshin kajiji. Adudun yanzu a wajena yake, matan ne suka ce in riƙe, wai tunda ban iya kaɗi ba ai na iya aike. Da aka dawo da shi na juya bayansa kamar yadda na ga ana yi, sai na tarar ƙofar mota ta ɗan yage shi a baki. Na tambayi tsamiya a Birnin Kudu, na tambaya a Gwaram, har ruga na je, babu. Na sayi zaren da ya fi kusa da launin zuma na kama wurin iyakar iyawata.

Na karkasa goro shida a kan faifan Iya. Na Sara ban ba direba ba, da kaina na kai, na tafi da lulluɓin don Inna ta ji ƙamshinsa. Ta karɓi ƙullinta ta ɓare ɗaya, ta sa rabi a baki, sannan ta jawo zanen ta kife shi a cinya. Ban gaya mata komai ba. Yatsunta suka bi baki-baki, suka tsaya daidai inda nake tsoro.

"Zaren kanti," ta ce.

Na ce shi na samu, Inna.

"Da tana nan da kin sha gaba ta damina guda." Ta miƙo mini ɗaya rabin goron. "Sannan ta zauna ta kewaye miki shi."